Akwatin da Mai Langa Ya Bari

Ƙarfe takwas da 'yan mintoci na safe, Sufeto bai ko gama rataye hularsa ba, Saje ya turo ƙofa da mai ƙara a bayansa. Mutumin zai yi shekara arba'in da biyar. Rigarsa a goge take tsaf, amma hannuwansa na wanda ya tashi cikin ƙarfe ne, duk tabon yanka.

"Ni ne manajan Kamfanin Mai Langa da 'Ya'ya," in ji shi. "An yi mana sata jiya."

"Me aka ɗauka?"

"Akwati."

"Me ke cikinsa?"

"Fitila da ƙwai ashirin."

Sufeto ya ajiye biro. Shekara ashirin da biyu yana aikin nan. An kawo masa ƙarar mota, an kawo ta shanu, har wata ta taɓa kawo maƙwabciyarta a kan igiyar shanya. Ƙwai ashirin dai yau ya fara.

Manaja ya lura da irin kallon da ake masa, sai ya yi bayani. Akwatin ƙyanƙyasa ne na katako da langa-langa, fitilar kananzir ke ɗumama shi. Mahaifinsu, wanda kowa ya sani da Mai Langa, shi ya ƙera shi shekara arba'in da suka wuce, kuma a kansa kamfanin ya tsaya. Tun bayan rasuwar tsohon aka ajiye shi a ɗakin baƙi, yana kuma aiki har yanzu, don mahaifiyarsu kan kawo ƙwai ta zuba lokaci-lokaci.

"An fasa ƙofa?"

"A'a. Makulli uku ne, nawa, na ƙanwata, sai na Kawu."

"Ƙanin mahaifiyarku?"

"Ma'aikaci ne, ranka ya daɗe, tun zamanin Baba. Mu ne muke ce masa Kawu, sauran mutane Bahago suke cewa. Mai gadin maƙwabta ya ce ya ga shigarsa jiya da rana, alhali ranar hutu ce."

"Kun taɓa samun saɓani da shi a kan akwatin?"

"Za mu buga littafin tarihin kamfani. Da ƙanwata ta ce mai hoto zai buɗe akwatin ya ɗauki cikinsa, sai Kawu ya ce gara akwatin ya ɓace da a buɗe shi."

"Kai kana zarginsa?"

Manaja ya dubi takardar da ke gaban Sufeto. "Ban ga wani ba in ba shi ba."

Aka rubuta, ya sa hannu.

Saje irin mutanen nan ne da ke kamawa kafin su tambaya. Kafin Sufeto ya gama shan shayinsa, har ya je ya ɗauko tsohon daga bakin aiki, a gaban ma'aikata talatin, ya sa shi bayan kanta. Babban ofisa kuma da ya leƙo ya ji labari, cewa ya yi ƙaramar magana ce, gobe da safe a kai kotu.

Bahago yana zaune a kan benci, an karɓe masa takalmi da bel. Ya doshi saba'in, siriri, da baƙin tabarau a fuska.

"Baba, tabaran fa?" in ji Sufeto.

"Yanar ido aka cire mini. Sati uku likita ya hana ni zuwa inda ake walda. Shekaranjiya na koma."

"Me ya kai ka kamfani jiya?"

"Maganin ɗigawa na manta a aljihun rigar aiki."

"Ka ga akwatin?"

"Ban duba ba."

"Ka ga wani?"

"Mai ido ɗaya me zai gani, ranka ya daɗe?"

"Gaskiya ne ka ce gara ya ɓace da a buɗe shi?"

"Na faɗa."

"Saboda me?"

Tsohon ya murza yatsun ƙafarsa a kan siminti.

"Kai ka ɗauka?"

"Rubuta abin da ya fi maka sauƙi, ɗana."

Sufeto ya ga ɓarayi masu rantsuwa, ya ga masu kuka, ya ga masu suma da gangan. Bai taɓa ganin wanda ya bar masa biro ya ce ya zaɓa ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya san in aka kira mutumin nan a kotu gobe, ko daga baya an wanke shi, sunan ɓarawo ya riga ya manne, kuma jikokinsa ma sai sun ji shi a bakin mutane. Ya miƙa masa takarda, tsohon ya karɓi biron da hagu ya sa hannu.

Kamfanin yana ƙarshen wani layi na garejoji. Daga ƙofa ƙarar guduma da ƙaurin walda ke tarar mutum. An jibge kejin kaji har kusa da rufi, ga mazuban abinci jajaye an kife su a jere suna shan iska. Da Sufeto ya shiga, guduma ta ragu, idanu suka biyo shi, babu ko ɗaya mai fara'a.

Ƙanwar Manaja ce ta tare shi. Injiniya ake ce mata, ita ta yi karatun lantarki, kuma fushinta a fili yake.

"Ni na matsa wa Yaya ya kai ƙara," ta ce. "Amma ban ce a zo a ja Kawu kamar akuya ba. Mutumin da ya goya ni a cikin shagon nan."

Ta kai shi ɗakin baƙi. A kan wani tebur ga shatar inda akwatin yake, katakon wurin ya fi sauran haske. Sufeto ya durƙusa ya shafa ƙasa, ya shinshina yatsunsa. Ko ɗigon kananzir babu. Wanda ya ɗauki akwatin bai karkata shi ba, bai kuma yi gaggawa ba.

A jikin bango akwai kanta da aka jera tsofaffin kaya, nan ta tsaya tana ba shi tarihi, irin bayarwar wanda ya saba da baƙi. Baba ya fara ne a wata rumfa, yana yanka gwangwanin mai yana yin mazubin ruwan kaji. Wani mai kiwo ya yi masa kukan kajinsa ba sa kwanci, sai Baba ya rufe rumfa kwana tara, ya fito da akwatin. Daga ƙwai ashirin aka sami 'yan tsaki sha bakwai. Cikin shekara biyu rumfa ta zama shago, shago ya haifi keji da mazubai, ita kuma da ta gama makaranta ta kawo injinan lantarki masu cin ƙwai dubu.

Sufeto ya ɗauki mazubai biyu yana jujjuyawa. "Me ya sa ninkin wannan ya kwanta nan, na wannan ya kwanta can?"

Ta yi murmushin farko. "Kana da ido. Wannan na Baba ne, wannan na Kawu. Bahago in ya ninke langa-langa, baya ninkin yake komawa. Mu ko a duhu muka shafa mun san aikin wane ne."

Ya ce ta nuna masa sauran ɗakunan. Na ƙarshe shi ne ɗakin gwaji, inda injina shida ke tsaye kamar firji, suna jiran masu su.

"Duk a kashe suke?"

"Duka. Sai jibi za mu gwada."

"To wancan na huɗun me ya sa fitilarsa ke ci?"

Ta ƙarasa da sauri ta leƙa ta gilashi, sannan ta buɗe a hankali. Ɗumi ya bugo su. A kan farantin ƙasa an shimfiɗa tsumma, an kwantar da ƙwai a kai, kowanne da alamar fensir. Ta ƙirga da ido.

"Ashirin. Na Mama ne."

Sufeto ya daɗe yana kallonsu. Ɓarawon da ya sace akwati ya tsaya nema wa ƙwai masauki, wannan ba daga titi ya shigo ba.

"Wannan kwanon ruwan na mene ne?"

"Shirme ne," ta ce, har da 'yar dariya. "Injin da kansa yake ba da laima. 'Yan zamanin Baba ne ba sa iya rufe ƙofa a kan ƙwai sai sun ajiye kwanon ruwa. Na yi faɗan har na gaji."

"Su wa suka rage a 'yan zamanin Baba?"

"Kawu, sai Yaya." Ta miƙa hannu za ta rufe, sai ta tsaya tana duban maɓallan. "An kashe mai juyawa."

"Kuskure ne?"

"Daidai ne. Daga kwana sha takwas ba a ƙara juya ƙwai, ɗan tsako yana gyara kwanciya don fitowa." Ta ƙirga a yatsunta. "Jiya suka cika sha takwas."

"A ina aka rubuta ranar da aka zuba su?"

"Ba a rubutawa. Baba da ka yake riƙewa, Mama ta ce haka za a ci gaba."

"Wa ke wurin da aka zuba?"

"Mama, da ni, da Yaya. Shi ke ƙara kananzir safe da yamma. Kawu lokacin yana gida da ido."

Ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta rufe injin, ta jingina da shi.

"Ke jiya kina ina?"

"Gidan Mama, tun safe har yamma. Muna zaɓen hotunan littafi."

Manaja yana ofis yana ta juya takarda ɗaya. Sufeto ya ce yana son ganin mahaifiyarsu, motar ofis kuma Saje ya tafi da ita, ko zai taimaka ya sauke shi. Ba yadda zai yi ya ƙi.

Ana yayyafi, amma Manaja ya sauke gilasai huɗun duka. Duk da haka warin bai ɓoyu ba.

"Motar taka da kananzir take tafiya?"

"Na sayo wa Mama ne, ya ɗan zube."

"Jiya da rana kana ina?"

"Gonar wani mai kiwo, na je duba keji."

"Ranar hutu?"

"Kaji ba su san hutu ba, ranka ya daɗe."

Sufeto ya yi dariya, don maganar gaskiya ce ko da mai faɗinta ƙarya yake yi. Da suka isa, ya ce masa ya jira a mota.

Mama tana falo, hotuna baje a kan tabarma a gabanta. Tsohuwa ce mai tsabta, mai magana a tsanake. Bayan gaisuwa ta tabbatar 'yarta a nan ta wuni jiya.

"An kawo miki kananzir kwanan nan, Mama?"

"In yi me da shi? Shekara goma da gas nake girki."

Ya zauna a bakin kujera ya ɗauki wani hoto. Mai Langa ne a tsaye kusa da akwatin, ƙato, mai faɗin dariya.

"Wa ya ƙera akwatin nan?"

"Maigidana."

"Shi kaɗai?"

"Haka aka rubuta a allon kamfani."

"Ba allo na tambaya ba, Mama."

Ta ci gaba da jera hotuna, tana daidaita gefensu kamar wannan ne aikin da ya fi komai.

"Bahago yana bayan kanta tun safe, ba takalmi," in ji Sufeto. "Gobe kotu. Na tambaye shi ko shi ya ɗauka, ya ce in rubuta abin da ya fi mini sauƙi."

Hannunta ya tsaya. Ba a gaya mata ba, ashe.

"Haka zai ce," ta faɗa a hankali. "Haka yake tun yana saurayi." Ta goge ido da gefen mayafi. "Baƙo ne ya zo garin nan ba shi da kowa, maigidana ya ba shi wurin kwana a rumfa. Kwana taran nan da ake faɗa, maigidana zazzaɓi ya kwantar da shi, ni na yi jinyarsa. Da ya tashi ya tarar da akwati a haɗe. Mai kiwon ya zo ya ga 'yan tsaki, ya ce wa ya yi wannan, maigidana ya ce ni ne. Sau ɗaya ya faɗa, daga nan magana ta fi ƙarfinsa. Shi yana da baki da sanin mutane, wancan yana da hannu. Da babu ɗayansu, da babu kamfani."

"Bahago bai taɓa magana ba?"

"Ko a fuska. Da maigidana zai rasu ya kira shi, suka daɗe a ɗaki. Ban san me suka ce ba."

"'Ya'yan sun sani?"

"Satin jiya babbansu ya kwance katakon bayan akwatin zai goge kafin mai hoto ya zo. Ya zo nan ya zauna inda kake zaune, ya yi mini tambayar da ka yi. Na yi masa ƙaryar da na fara yi maka." Ta dube shi sosai. "Shi ne ya ɗauka ko?"

Sufeto ya miƙe. Ya yi mata sallama, ya fita. Ya fi son shari'ar da mugu yake mugu.

Yayyafi ya tsaya. Manaja yana tsaye a jikin mota, ya harɗe hannuwa.

"Buɗe mini but ɗin motar."

"Kayan aiki ne a ciki."

"Mun ga ƙwan a inji na huɗu. Ka ajiye musu kwanon ruwa, ka kashe mai juyawa don ka san sun cika sha takwas. Kawu bai san ranar ba, ƙanwarka kuma ba ta sa kwano. Buɗe."

Ya buɗe. Akwatin yana ciki, an lulluɓe shi da bargo, an tokare shi da taya da tsummoki don kada ya motsa. Sufeto ya ɗage bargon. Katakon baya a kwance yake, langa-langar ciki a fili, tsohuwa amma ko tsatsa babu. Ya bi ninkin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Duk baya suka koma.

Manaja ya zauna a bakin but ɗin.

"Tun ina shekara biyar nake jin labarin kwana tara," ya ce. "Duk abin da na ƙera, sai a ce da kyau, amma ubanka a kwana tara ya yi akwati. Ban taɓa jin haushi ba, alfahari nake yi. Sai na kwance katakon nan na shafa. Ko wuri ɗaya babu hannun Baba. In mai hoto ya ɗauka aka buga, duk maƙerin da ya buɗe littafin zai gani."

"Me ka yi niyyar yi da shi?"

"Na kai shi bola, na kasa saukewa. Na kai bakin gada, na kasa. Tun jiya nake yawo da shi."

"Ƙarar fa?"

"Ƙanwata ta matsa. Na zaci za ku rubuta ku manta, akwatin katako ne."

Sufeto ya haɗiye wannan, don ba yau aka fara yi musu irin zaton ba.

"Ɗaukar akwatin ubanka, wannan maganar gida ce, da a gida za ta ƙare," ya ce. "Amma na tambaye ka ko kana zargin tsohon nan, ka ce ba ka ga wani ba in ba shi ba. Ka sa hannu. Aka ja shi a gabanka."

"Na ce ba za su sami komai a wurinsa ba, za su sake shi."

"Ka ce wa wa?"

Manaja ya sunkuyar da kai. "Wa kaina."

Ƙarfe biyar saura kwata suka isa caji ofis. Injiniya ta riga su, tana tsaye a bakin kanta. Saje ya fito da Bahago, ya miƙa masa takalmi da bel yana ta kame-kame, don ba a koya masa ba da haƙuri a makarantar horo ba.

Tsohon ya zauna yana sa takalmi. Manaja ya tsaya a gabansa, hannuwa a baya.

"Kawu, ka gan ni jiya?"

"Na gan ka. Ina bayan keji lokacin da ka fito da shi."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Shekara arba'in na rufa wa ubanka asiri, bai roƙe ni ba. Ya ba ni wurin kwana lokacin da ba ni da kowa, na ga ya fi ƙarfin akwati a wurina. Na ce kwana nawa ya rage mini, bari in rufa wa ɗansa." Ya ja igiyar takalmin ya ɗaure. "Da ka ce mini zo mu ɓatar da shi, da na kama maka gefe ɗaya. Abin da nake so ke nan ni ma. Amma da yaron nan ya riƙe mini wuyan riga, na waiwaya ina neman ka, na gan ka a tagar ofis. Ka saki labule."

Sufeto ya yi wa Saje alama, aka karɓi agogon Manaja da bel ɗinsa, aka wuce da shi ciki a kan laifin ba da bayanin ƙarya. Bai yi gardama ba, bai kuma waiwayo ba.

Injiniya ta durƙusa a gaban tsohon tana kuka.

"Kawu, ga mota a waje. Ma'aikata ba su tashi ba, suna jiran ka. Zan faɗa musu komai. Littafin ma za a gyara, sunanka ne zai zo a farko."

"Littafi naku ne, 'yata, ku rubuta yadda kuka ga dama. Ki dai ce musu ban yi sata ba."

"To taso mu je."

"Gida zan tafi."

"Gobe fa?"

"Gobe ma gida."

Ya miƙe, ya gyara tabarau, ya tambayi Sufeto ta wane gefe motar haya ke tsayawa. Sufeto ya raka shi har bakin titi, ya tsayar masa da mota, ya riƙe masa ƙofa har ya zauna. Ya so ya ce wani abu, bai sami abin da ya dace ba, sai ya ce Allah ya ƙara sauƙin ido.

Da ya dawo, Injiniya tana nan a durƙushe inda aka bar ta.